Kafin ka biya kuɗin gida: me ƙwararren mai duba gini zai gano maka, me kuma ba zai gano ba?

Duk sanda wani gini ya rufta a Najeriya sai maganar ta dawo sabuwa. Haka aka yi ranar 1 ga Nuwamban 2021 da bene mai hawa 21 ya zube a Ikoyi ta Legas, ya halaka mutum sama da 40. Haka aka yi a ƙarshen Agustan 2022 da wani bene ya rufta a titin Beirut na Kano, haka kuma ranar 12 ga Yulin 2024 da ginin makarantar Saints Academy a Jos ya faɗa wa ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu. Sai a yi ta tambayar ina injiniyoyi suke, ina hukuma take. Akwai wata tambayar da ta fi kusa da aljihun talaka amma ba a cika yin ta ba: mutumin da ya tara gumin shekara ashirin, ko kuɗin sallamarsa daga aiki, ko rabon gadonsa, zai sayi ginannen gida, wa ke duba masa ginin kafin ya biya?

Wanda zai sayi mota ta hannu ba ya zare ko sisi sai bakanike ya saurari inji ya leƙa ƙarƙashinta. Wanda zai sayi sa a kasuwar Wudil sai ya buɗe masa baki ya ga haƙora. Amma gidan da ya ninka kuɗin motar sau goma, sai a je da dillali da aboki ɗaya, a zagaya ɗakuna na rabin awa, a yaba fenti da tayil, ciniki ya faɗa. Wannan ai cinikin biri a sama ne, ko da kuwa ka taka gidan da ƙafarka.

Mene ne duba gida, kuma wa ke yin sa?

Duba gida shi ne ka ɗauko ƙwararre wanda ba shi da hannu a cinikin, ya bi ginin tun daga ƙasar da yake tsaye a kanta har rufinsa, ya rubuta maka halin da ya same shi a ranar: abin da ke da lafiya, abin da ya lalace, abin da ke shirin lalacewa, da abin da zai iya jawo asarar rai. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta, ƙungiyar masu yin ta ta farko an kafa ta tun 1976, kuma an saba a sa sharaɗi a takardar ciniki cewa idan dubawar ta bankaɗo babban aibi mai saye zai iya janyewa. A Ingila ƙungiyar RICS, ta ƙwararrun masu duba gine-gine da filaye, ta kasa dubawar mataki uku, daga na sama-sama zuwa na ƙwaƙƙwafi da ake yi wa tsofaffin gidaje.

A Najeriya aikin ya rarrabu ne a hannun masu sana'o'i daban-daban. Ƙarfin gini, wato tushe da ginshiƙai da dekin, aikin injiniyan gini ne mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi da aka kafa a 1970. Ingancin aikin hannu da kayan da aka sa, ƙwararren magini mai rajista da CORBON, hukumar rajistar magina, zai iya duba shi. Wuta kuwa tana son nata injiniyan ko gogaggen mai wayarin. Ga gidan ƙasa, wato wanda ba bene ba, mai ɗaki uku ko huɗu, mutum ɗaya mai ilimi da gogewa kan wadatar. Bene kuwa kada a yi wasa, injiniyan gini ake nema, kuma a tambayi lambar rajistarsa. A unguwanninmu duk wanda ya taɓa tsayawa a kan leburori ana ce masa injiniya.

Akwai abubuwa biyu da mutane ke ruɗa su da duba gini. Na farko ƙiyasta darajar gida, aikin mai rajista da ESVARBON, hukumar rajistar masu ƙiyasta darajar gidaje da filaye. Shi wannan zai gaya maka nawa gidan ya kai a kasuwa, kuma shi banki ke nema idan za a ba da bashi. Na biyu binciken takardu, aikin lauya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ikon filayen jiha a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa. Shi ya sa ake zuwa ofisoshin adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, a tabbatar takardar ta gaske ce, ba a jinginar da ita a banki ba, ba kuma gidan gado ba ne da wani magaji ya sayar a bayan idon 'yan'uwansa. Wanda ya ga rusau ɗin Abuja a tsakiyar shekarun 2000, ko na Kano a 2023, ya san gini mai ƙwari ma yana iya komawa tarin ƙasa idan matsayin filin bai tabbata ba. Injiniya ba zai yi maka aikin lauya ba, lauya ma ba zai hau silin ba.

Daga ƙasa ake farawa

Mai dubawa na kirki ba ya fara shiga falo. Yakan tsaya a bakin titi tukuna ya kalli yadda gidan ya zauna. Titin ya fi daben gidan tudu? Ruwan unguwar ina yake bi? Akwai kwata, kuma tana tafiya ko ta cushe? Yakan kalli katangun maƙwabta, don ruwa yana barin saƙo: wani layi mai duhu a jikin bango da ke nuna inda ambaliya ta taɓa tsayawa. Mai gida zai iya shafe nasa da fenti, ba zai iya shafe na dukan layin ba. Bayan ambaliyar Maiduguri ta Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, duk mai sayen gida a garin ya kamata ya fara da tambayar iya inda ruwa ya kai a unguwar da kwana nawa ya yi a kwance.

Sai asalin filin. A Kano da Zariya da Katsina akwai gidaje da yawa da ke zaune a kan tsoffin kududdufai, wato ramukan da aka haƙi ƙasar gini a da, daga baya aka cike su da shara da baraguzai aka yanka fuloti. Shara tana ruɓewa, ƙasar tana lotsawa a hankali, ginin kuma yana bin ta. A wasu sassan Borno da Gombe da Adamawa kuma akwai baƙar ƙasa mai laka da ke kumbura da damina ta tsuke ta dare da rani, tana ɗaga tushe tana sauke shi duk shekara. Ba a karanta wannan tarihin a takarda. A bakin tsofaffin unguwa yake, shi ya sa gogaggen mai dubawa kan tsaya ya gaisa da dattijon da ke zaune a ƙofar masallaci ya tambaye shi, "Baba, da can mene ne a nan wurin?"

Zai kuma ɗaga kai sama. Gidan da ke ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki yana cikin haɗari biyu, na wuta da na rusau. Ƙa'idar da ake bi ita ce a bar mita 25 kowane gefe ga layin 330kV, mita 15 ga na 132kV.

Tsaga iri-iri ce

A nan mutane suka fi ruɗewa. Wani ya ga siririyar tsaga kamar gashi a filasta sai ya gudu daga gida mai lafiya, wani kuma a nuna masa tsagar da yatsa zai shiga, dillali ya ce "rabin buhun siminti ne ya toshe ta," ya yarda.

Siririyar tsagar da ta yi rassa a saman filasta yawanci daga bushewar siminti take, ba ta taɓa bulo ba. Wadda ke tayar da hankali ita ce mai tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa kamar matakala, musamman idan bakinta ya fi faɗi a sama ko a ƙasa, kuma ana ganin ta ciki da waje a wuri guda. Wannan tana nuna wani sashe na tushe ya zauna ya bar ɗan'uwansa. Mai dubawa zai auna faɗinta, kuma idan ta haura milimita 5 ba zai wuce ta da kallo kawai ba. Zai gwada ƙofofi da tagogin da ke kusa, don ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, ko wadda aka fere mata ƙasa kwanan nan, tana ba da labarin bangon da ya motsa. Zai ɗora ma'aunin daidaito a dabe, ko ya zuba ruwa kaɗan ya ga inda zai gangara.

A bene, idonsa na kan ginshiƙai da ƙasan dekin. Idan kankare ya ɓare har rodi ya bayyana da tsatsa, ruwa ya riga ya isa ga ƙarfen, kuma tsatsa tana kumbura ta ci gaba da fasa kankaren daga ciki. Idan dekin ya yi ciki a tsakiya, ba maganar kwalliya ake ba. Tambaya mafi nauyi da zai yi ita ce: da bene aka fara ginin nan, ko gidan ƙasa ne aka ɗora masa hawa daga baya? Tushen da aka haƙa don ɗaukar kwano da katako ba zai ɗauki dekin da ɗakuna huɗu da tankin ruwa ba. Lita 1,000 na ruwa tan guda ne cur.

Abin da na gani da idona

Na taɓa raka wani yayana duba wani gida da ya kwanta masa a rai. Gidan ya sha sabon fenti, an kuma manna tayil a jikin bangon tsakar gida daga ƙasa zuwa ƙugun mutum, ya yi kyau ƙwarai. Injiniyan da muka je da shi bai ce komai ba. Ya ciro makullin motarsa ya riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka ba da sauti mai tauri, wasu suka yi ƙara kamar an buga ƙwarya, alamar sun rabu da bango. Ya shiga ɗakin da ke bayan wannan bangon, ya ce a janye wata tsohuwar kujera da aka jingina. A bayanta fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, ga wani farin gari kamar kanwa yana zuba. Ya danna babban yatsansa, filastar ta marmashe.

Ya juya ya ce wa yayana, "Alhaji, wannan tayil ɗin ba ado ba ne, bandeji ne."

Danshi ne ke hawowa daga ƙasa yana bin bulo, saboda ba a yi shingen da ke tare shi a matakin tushe ba, wanda magina ke kira DPC, ko an yi shi da ha'inci. Ruwan yana ɗauke da gishiri, idan ya bushe sai gishirin ya zauna a bango yana cin siminti. Tayil ba ya korar danshin, sai dai ya tura shi sama ko ya fito da shi ta ɗaya gefen. Ɗaki irin wannan yana ɓata kaya, yana warin ruma, kuma masu asma da ƙananan yara su ke fara jin jiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mun zagaya gidan nan sau biyu kafin ranar, mu huɗu, ba wanda ya ga komai.

Saboda irin wannan nake ganin lokacin da ya fi dacewa a duba gida a Arewa shi ne tsakiyar damina, a watan Agusta, in da hali washegarin ruwa mai ƙarfi. Gidan da ka gani a watan Fabrairu cikin hunturu, bushe ƙayau, bai nuna maka halinsa ba tukuna.

Rufi, wuta da ruwa

Mai dubawar da bai nemi tsani ba bai gama aikinsa ba. Dole ya leƙa cikin silin da tocila. A can ake ganin hanyoyin gara, waɗannan siraran layukan ƙasa a jikin katako, kuma yakan soka katakon da sukundireba ya ji ko ɓawo kaɗai ya rage. A can ake ganin hasken rana ta hujin kwano, da tabon yoyo da aka rufe da sabon POP daga ƙasa. Zai duba yadda aka ɗaure katakon rufi da bango, domin iskar farkon damina ba ta raga wa rufin da aka ɗora kawai aka buga masa ƙusa. Idan silin ɗin tsohon asbestos ne zai gaya maka, ya kuma gargaɗe ka kada a farfasa shi ko a yanka shi barkatai, don ƙurarsa tana illa ga huhu.

Wuta ita ce aibin da ba ya ba da sanarwa. Zai buɗe akwatin rarraba wuta ya ga ko akwai na'urorin da ke katse ta idan ta yi yawa, ko kuwa an haɗe da guntuwar waya. Zai duba kaurin waya: an saba sa mai murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita kuma suna son layinsu daban. Zai nemi wayar da ke sauke wuta ƙasa, wadda gidaje da yawa ba su da ita sam. Soket mai baƙin tabo ya taɓa ɗaukar zafi. Kai kuma ka nemi lambar mita ko takardar biyan kuɗin wuta ka je ofishin kamfanin rarraba lantarki, don bashin wuta kan zauna a kan gida, sabon mai shi ya gaje shi.

A ɓangaren ruwa zai buɗe kowane famfo, ya kora kowane masai, ya ga ko ruwa na wucewa ko yana dawowa. Sannan ya auna tazarar da ke tsakanin rijiya ko burtsatse da sokawe. Shawarar da masana lafiya suka saba bayarwa ita ce mita 30. Fulotin ƙafa 50 da 100 kuwa tsawonsa gaba ɗaya bai fi mita 30 da 'yan kai ba, balle rabin fuloti, ga kuma sokawen maƙwabci a bayan katanga. Ma'ana a yawancin gidajen birni wannan tazarar ba ta samuwa, don haka a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji kafin iyali su fara sha.

Inda idonsa ya tsaya

Mai dubawa ba boka ba ne. Ba zai fasa bangon gidan da ba naka ba, ba zai tone tushe ba sai da izinin mai gida. Ba ya ganin yawan rodin da ke cikin ginshiƙi da ido, ba ya sanin buhun siminti nawa aka zuba a kwaɓin da aka yi shekara goma da suka wuce. Akwai na'urori da ke taimakawa: gudumar gwaji da ake dannawa a jikin kankare ta nuna taurinsa, na'urar gano rodi a cikin kankare, ma'aunin danshi. Idan shakka ta yi yawa ana iya huda kankaren a ciro ɗan guntu a kai ɗakin gwaji. Waɗannan ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, kuma a bene sun cancanci kuɗinsu.

Rahotonsa hoton ranar da ya zo ne. Ba alƙawari ba ne cewa bututu ba zai fashe baɗi ba. Rahoto mai amana ma yakan faɗi wuraren da bai samu shiga ba, kamar ɗakin da aka ce makullinsa ya ɓata. Irin wannan ɗakin, ka dage sai an buɗe.

Me ya sa ake gudun dubawa?

Mai saye yana ganin ƙarin kashe kuɗi ne, bayan la'ada da kuɗin lauya da na takardu. Amma la'adar dillali kaɗai a wurare da yawa takan kai kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidan, kuma ba a jayayya a kanta. Wani lokaci kuma kunya ce: gidan na abokin mahaifinka ne ko na surukin wani, zuwa da injiniya sai ya zama kamar ka ce ba ka yarda da shi ba. Dillali yana da nasa dalilin, domin ba ya samun komai sai ciniki ya faɗa, shi ya sa za ka ji "akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe." Ba duka dillalai ne macuta ba, da yawansu amanarsu ce jarinsu, amma ko na kirkin bai kamata ya zama shi zai kawo maka mai dubawa ba. Wanda zai duba maka gida, kai za ka nemo shi, daga aljihunka za a biya shi.

Mai gida ma yana da abin cewa. Yana tsoron a zo a ƙirga masa ƙananan aibobin da kowane tsohon gida ke da su don a karya masa farashi, kuma ana yin haka. Amma mai gidan da ya ƙi a duba gaba ɗaya ya riga ya ba ka amsa.

Ta fuskar doka, ƙa'idar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ita ce mai saye ya buɗe idonsa. Aibin jikin gini da ka iya ganowa da bincike ba ka bincika ba, da wuya ka dawo ka yi nasara a kansa, sai dai in an yi maka ƙarya ƙarara ko an ɓoye da gangan, kuma tabbatar da hakan a kotu aiki ne. A shari'ar Musulunci ɓoye aibi haramun ne. Sanannen hadisi ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi me ya hana shi sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye masa. Sai dai wanda ya ga aibi ya saya a haka, zaɓinsa ya faɗi. Ko inda haƙƙin ya tabbata ma, karɓo kuɗi daga hannun wanda ya riga ya raba su ga magada ko ya zuba su a kasuwa shari'a ce ta shekaru.

Rahoto ya zo hannu

Ka je wurin dubawar da kanka, ka bi shi ɗaki-ɗaki, ka yi tambaya. Gida matsakaici kan ci awa biyu zuwa huɗu, wanda ya gama cikin minti ashirin yawo ya zo. Kada ka karɓi "gidan lafiya lau" ta waya. Ka nemi rubutaccen rahoto mai hotuna da sa hannu da hatimi, wanda ya bambanta abin da ke barazana ga rai, da abin da ke son gyara kafin a tare, da abin da zai iya jira. Ka nemi ƙiyasin kuɗin gyaran, ko daga gare shi ko daga mai ƙididdigar kayan gini.

Tun kafin nan, idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta a gaban shaidu cewa za a dawo maka da shi idan dubawa ta nuna babban aibi. In ba a rubuta ba, za ka tsinci kanka tsakanin asarar kuɗin da ka bayar da sayen gidan da ka san yana da ciwo.

Yawancin abin da rahoto ke fitarwa na ciniki ne. Yoyon kwano, tsohon wayarin, katakon da gara ta ci, sokawen da ya cika, duk suna da farashi, sai a zauna a rage daga kuɗin gidan. Ya fi kyau a rage maka ka gyara da kanka, domin gyaran mai shirin fita gyaran ganin ido ne. Tushen da ke nutsewa, hawan da aka ɗora a kan ginin da bai shirya masa ba, da gidan da ke kan hanyar ruwa kuwa, rangwame ba ya warkar da su.

Yayana bai fasa sayen wancan gidan ba. Injiniyan ya tabbatar masa tushen lafiya yake, danshin ne kawai, ya rubuta yadda za a kankare filastar, a yi maganin bangon, a gyara magudanar da ke kwantar da ruwa a gindinsa. Aka koma wurin mai gida da takardar. Ya karanta, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ma a haka ya saye shi, ya rage kuɗin gyaran. Wata biyu ana aiki kafin iyali su tare.